Muryar Shugaba da Muryar Zuciya: Tarihin Wata Tsohuwar Taƙaddama a Cocin Mormon

Yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu leƙa tarihin mutanen da aka fi sani da 'yan Mormon, waɗanda cikakken sunan ƙungiyarsu shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Mabiyansa sun haura miliyan 17 a duniya, hedikwatarsa kuma tana birnin Salt Lake na jihar Yuta. Abin da ya kai mu gare su wata tambaya ce da ta bi su tun shekarar da aka kafa cocin: idan shugaban addini ya ce gabas, mabiyi kuma ya yi addu'a ya ji zuciyarsa tana cewa yamma, wa zai bi?

Tun kafin tafiya ta yi nisa mu faɗa, ba tantance gaskiyar aƙidarsu muka zo yi ba. Duk inda muka ce annabi ko wahayi, sunan da su suke kiran abin muke faɗa. Mu tarihi muke bi, mu ga yadda wannan tambaya ta kasance da mutane, da kuma abin da ta ci musu.

Inda gizo yake saƙar

Wanda ya kafa cocin shi ne Joseph Smith, wanda aka haifa a 1805. Bisa labarin da ya bayar, a 1820 yana ɗan shekara 14 saɓanin coci-cocin yankinsu na jihar Niyok ya ruɗa shi, sai ya shiga kurmi ya yi addu'a shi kaɗai, aka kuma amsa masa kai tsaye cewa kada ya shiga ko ɗaya daga cikinsu. Ke nan tun daga tushe, labarin cocin labari ne na yaron da ya fifita abin da ya ji da kansa a kan maganar limaman garinsu.

A watan Maris na 1830 aka buga Littafin Mormon, a ranar 6 ga Afrilu kuma aka kafa cocin. A babin ƙarshe na littafin an gayyaci mai karatu ya tambayi Allah da kansa ko abin da ya karanta gaskiya ne, tare da alkawarin cewa Ruhu Mai Tsarki zai tabbatar masa. Har gobe da wannan gayyata 'yan mishan ɗinsu suke wa'azi. Ba su cewa mutum ya yarda da su don hujja ta ƙure shi, cewa suke ya je ya yi addu'a ya ji abin da zuciyarsa za ta faɗa masa.

To amma idan mutum ya shigo ta wannan ƙofa ta zuciya, zai tarar da cewa a cikin gidan akwai mutum ɗaya da ake kira annabi mai rai, wanda shi kaɗai ke da ikon karɓar wahayi domin cocin baki ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai mataimaka biyu da majalisar manzanni 12, har zuwa kan bishop na unguwa. Mabiyi yana da tasa ilhamar, shugaba yana da nasa wahayin. Muddin sun dace babu matsala. Tarihin da za mu bi na lokutan da suka saɓa ne.

Dutsen Hiram Page

Cocin bai cika wata shida ba matsalar ta kunno kai. Hiram Page yana cikin mutum takwas da suka sa hannu cewa sun ga allunan da Smith ya ce daga cikinsu ya fassaro littafin, saboda haka ba baƙo ba ne. A wajajen Satumba na 1830 ya fara duba wani dutse yana rubuta saƙonnin da ya ce daga Allah suke, game da tsarin cocin da gina birninsu mai tsarki. Mutane suka gaskata shi, har da Oliver Cowdery, wanda shi ne babban marubucin Smith kuma na biyu a cocin. Ba su ga abin mamaki a ciki ba, domin Smith kansa ya yi amfani da irin wannan dutse wajen aikin littafin.

A lokacin mabiyan ba su kai 100 ba, amma Smith ya hango abin da zai biyo baya, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Sai ya fito da wahayin da yanzu shi ne sashe na 28 a littafinsu na Koyarwa da Alkawura. Abin da ya ƙunsa shi ne, Smith kaɗai aka naɗa ya karɓi umarni domin cocin. Cowdery yana iya wa'azi gwargwadon abin da Ruhu ya sa a bakinsa, amma ba zai rubuta wa cocin doka ba. Aka kuma umarce shi ya keɓe da Page ya gaya masa cewa Shaiɗan ne yake yaudararsa. A taron da aka yi a ƙarshen watan, Page da sauran jama'a suka yi watsi da dutsen.

Daga nan aka samo ƙa'idar da suke kai har yau: kowa yana iya samun ilhama, amma iyakar hurumin da aka ba shi. Uba domin gidansa, bishop domin unguwarsa, shugaban coci domin kowa. Ilhama ba ta hawa sama ta gyara wa na gaba. Wannan ƙa'ida ta hana cocin tarwatsewa tun yana jariri. Sai dai ta bar wata tambaya a buɗe: idan na gaban ne ya kuskure fa?

Mutumin da ya san hanya

An kashe Joseph Smith a gidan yarin Carthage a ranar 27 ga Yuni, 1844. Mafi yawan mabiya suka bi Brigham Young, wanda ya kai su kwarin Salt Lake a 1847. Daga nan sababbin mabiya suka yi ta kwarara daga Ingila da arewacin Turai. Da yake yawancinsu talakawa ne, a 1856 aka fito da dabarar rage kuɗi: maimakon keken shanu, kowane iyali ya ja amalanken hannu da kayansa, a ƙasa.

Ayari uku na farko sun isa lafiya. Biyu na ƙarshe, na madugu James Willie da na Edward Martin, sun makara. A tsakiyar Agusta ayarin Willie ya yada zango a Florence, da sauran tafiyar kimanin kilomita 1,600 a gabansa, ga duwatsu masu tsananin sanyi a hanya. Aka tara jama'a don a yanke shawara. Shugabanni suka ce a ci gaba, Allah zai kiyaye bayinsa. Mutum ɗaya daga cikin jagororin, Levi Savage, ya miƙe ya ce kada a tafi. Ya taɓa ratsa yammacin ƙasar, ya san yadda hunturu yake sauka a can, ya kuma dubi tsofaffi da mata da ƙananan yaran da ke cikin ayarin da irin tufafin da ke jikinsu. Ya ce a yi hunturu a nan, in ba haka ba za a binne mutane a hanya.

Aka zarge shi da raunin imani. Wasu kimanin 100 suka tsaya, sauran wajen 400 suka ɗaga hannu a tafi. Savage ya ce ya faɗi abin da ya sani, amma tunda sun zaɓi tafiya zai bi su, ya yi aiki tare da su, in ta kama ya mutu tare da su. A watan Satumba manzo Franklin Richards ya cim musu a hanya a cikin kekensa mai sauri, ya ƙara tsawata wa Savage a gaban jama'a, ya wuce.

Dusar ƙanƙara ta rufe su a watan Oktoba, ga guzuri ya ƙare. Da labari ya kai wa Brigham Young cewa akwai sauran mutane a hanya, nan take a ranar 5 ga Oktoba ya yi kira a tashi masu ceto da gari da barguna. Duk da haka, cikin mutum kusan 1,000 na ayarin biyu, fiye da 200 suka mutu, wasu da dama kuma sanyi ya cinye musu yatsu da ƙafafu. A farkon Nuwamba Young ya hau mumbari ya ɗora laifin a kan Richards da abokan aikinsa da suka bari aka taso a makare.

Mu lura da abu ɗaya a nan. Savage bai ce ya yi mafarki ko ya ji murya ba. Sanin hanya ne kawai da shi. Kuma har ya mutu a 1910 bai bar cocin ba.

Kwarin Mountain Meadows

Shekara ɗaya bayan haka aka yi abin da ya fi kowane muni a tarihinsu. A 1857 gwamnatin Amurka ta turo sojoji zuwa Yuta, mutanen da aka taɓa kora daga jihohin Misuri da Ilinoi suka ɗauka an zo gamawa da su ne. Wa'azi ya yi zafi, aka shiga shirin yaƙi. Cikin wannan hali wani ayarin matafiya daga jihar Akansas ya ratso kudancin Yuta zai tafi Kalifoniya. Shugabannin yankin, irin su Isaac Haight da William Dame, waɗanda su ne manyan coci kuma su ne kwamandojin mayaƙan sa-kai, suka ɗauke su abokan gaba.

A taron majalisar garin Cedar, wani mai suna Laban Morrill ya ƙi amincewa da a taɓa su, ya nace sai an aika a tambayi Brigham Young. Aka tashi ɗan aike a kan doki. Kafin ya dawo an riga an kai wa ayarin hari, an kewaye su kwana da kwanaki. A ranar 11 ga Satumba John D. Lee ya shiga wurinsu da farar tuta, ya yi musu alkawarin kariya idan suka ajiye makamai. Suka fito a jere, kowane namiji da mai bindiga a gefensa. Da aka ba da alama sai aka kashe kimanin mutum 120, maza da mata da yara. Ƙananan yara 17 kaɗai aka bari. Wasiƙar Young mai cewa a bar matafiyan su wuce ta iso bayan kwana biyu, ihu bayan hari. Har yanzu masana suna muhawara kan girman alhakin da ke wuyansa, ko da yake har masana tarihin da cocin ya ɗauka aiki sun yarda cewa zafafan kalamansa na lokacin sun taimaka wajen hura wutar.

Waɗanda suka yi kisan manoma ne masu iyali, da yawansu daga baya sun ce ransu bai so ba, umarnin na gaba suka bi. Lee kaɗai aka yanke wa hukunci, aka harbe shi a wurin a 1877. Sauran suka yi rantsuwar yin shiru, maganar ta zama abin da ba a tayarwa.

Wadda ta tone ta marubuciya ce, kuma 'yar cocin. Juanita Brooks tana ƙaramar malamar makaranta wani tsoho da ya halarci kisan ya nemi ta zo ta rubuta abin da idonsa ya gani, amma kafin ta zauna da shi ciwon ajali ya ci ƙarfinsa. Abin ya tsaya mata a rai. Ta shafe shekaru tana tattara littattafan ajiyar sirri da wasiƙun mutanen yankin, a 1950 ta fitar da littafinta kan kisan. Wasu 'yan cocin suka juya mata baya, amma ba a kore ta ba, ita ma ba ta fita ba. Sai a 2007, shekara 150 cif bayan abin, wani babban jami'in cocin, Henry Eyring, ya tsaya a kwarin ya bayyana nadama, ya kuma amsa cewa shugabannin cocin na yankin ne suka shirya kisan.

Maganganu biyu daga mumbari ɗaya

Wanda ya bi wa'azozin shugabanninsu zai ga suna magana da harshe biyu. A Janairun 1862 Brigham Young, duk da ƙarfin mulkinsa, ya ce abin da yake tsoro shi ne jama'a su amince da shugabanni har su daina tambayar Allah da kansu ko shugabannin suna kan daidai. Amma a 1869, da William Godbe da abokansa suka ce ikon annabi bai kai ga harkar kasuwanci da haƙar ma'adinai ba, korarsu aka yi.

Babbar jarrabawa ta zo a 1890. Tun 1852 cocin ya bayyana auren mace fiye da ɗaya a matsayin umarnin Allah. Dokar Amurka ta haramta shi, maza fiye da 1,000 suka shiga kurkuku a kansa, dokar 1887 kuma ta ba gwamnati damar ƙwace dukiyar cocin. A Satumban 1890 shugaba Wilford Woodruff ya fitar da sanarwar dakatar da shi. Ku ɗauki mutumin da ya yi addu'a ya ji a ransa cewa wannan aure daga Allah yake, ya sha ɗauri a kansa, yau kuma a ce masa an daina. Don kwantar da hankalin irin waɗannan ne Woodruff ya faɗi maganar da ta zama ginshiƙi a cocin, cewa Allah ba zai taɓa barin shugaban cocin ya ɓatar da jama'a ba, in ya gwada za a kawar da shi. Mafi yawa suka bi. Wasu suka ƙi, har da manzanni biyu da suka sauka daga majalisa a 1905. Daga masu ƙin ne aka samu ƙungiyoyin da suka ɓalle, waɗanda har yau suke wannan aure a wasu ƙauyukan yammacin Amurka.

A Yunin 1945 wata mujallar cocin ta buga darasin da za a karanta gida-gida, wanda ya ce idan shugabanni suka yi magana, to an gama tunani. Wani limamin wani coci na daban a Salt Lake, J. Raymond Cope, ya rubuta wa shugaban lokacin, George Albert Smith, yana tambaya ko wannan ne matsayinsu. Smith ya amsa masa a Disamba cewa sam ba haka ba ne, kowane mabiyi sai ya nemi tabbacin kansa. Sai dai darasin ya shiga dubban gidaje, gyaran kuwa a wasiƙa zuwa ga mutum ɗaya ya tsaya, jama'a ba su gan shi a buge ba sai bayan shekaru kusan 40.

Yaron Hamburg

A Jamus ta zamanin Hitler, 'yan Mormon sun riƙe koyarwarsu ta biyayya ga hukuma. Helmuth Hübener matashi ne a reshen cocin na Hamburg. A 1941 ya fara sauraron BBC a ɓoye, ya gane ƙaryar da gwamnati take yi wa jama'a. Da keken rubutun cocin ya riƙa buga takardun tona asirin mulkin Nazi, shi da abokansa biyu suna rarrabawa da dare. Aka kama shi a Fabrairun 1942. Bayan 'yan kwanaki shugaban reshensu, wanda ɗan jam'iyyar Nazi ne, ya kore shi daga cocin, a lokacin da yaƙi ya yanke hulɗa da hedikwata. A ranar 27 ga Oktoba, 1942 aka fille masa kai a Balin yana ɗan shekara 17. Bayan yaƙi cocin ya soke korar, yau kuma 'yan Mormon suna alfahari da shi.

Masu jira a Najeriya da Gana

A zamanin Joseph Smith an naɗa baƙaƙen fata a matsayin firist, misali Elijah Abel a 1836. A 1852 Brigham Young ya sanar da hana hakan. A cocinsu kusan kowane namiji mai kiyaye dokoki firist ne tun yana ɗan shekara 12, saboda haka hanin yana nufin baƙar fata ba zai jagoranci ko ƙaramin reshe ba, kuma shi da matarsa ba za su shiga haikali a ɗaura musu auren da suke ɗauka na har abada ba. Shekara 126 ana kan haka, manyan cocin suna kawo dalilai iri-iri, har da cewa la'ana ce ta gado.

Duk da haka, tun wajajen 1960 dubban mutane a kudu maso gabashin Najeriya suka ci karo da littattafan cocin, suka kafa majami'u da sunansa ba tare da kowa ya yi musu baftisma ba. Hedikwata ta turo LaMar Williams a 1961 ya gan su, aka shirya buɗe mishan, amma da labarin wariyar ya fito a jarida gwamnatin Najeriya ta hana biza, a 1965 aka jingine shirin. Wani malamin makaranta a ƙasar Ibo, Anthony Obinna, ya ce ya yi mafarkin wani dogon gini, daga baya lokacin yaƙin basasa ya ga hotonsa a wata tsohuwar mujallar Reader's Digest, ashe haikalin Salt Lake ne. Daga 1971 ya yi ta rubuta wasiƙu yana roƙon a zo, ana ba shi haƙuri. A Gana ma Joseph William Billy Johnson tun 1964 yake tara jama'a a kan wannan littafi. Zuciyarsu ta ce musu nan ne gidansu, masu gidan kuma suna cewa lokaci bai yi ba.

A can Amurka wasu 'yan cocin suna ta fama da lamirinsu. A 1973 wani likita, Lester Bush, ya buga dogon bincike a mujallar Dialogue, inda ya bi takardun cocin ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa babu wani rubutaccen wahayi da ya kafa hanin, kuma daga zamanin Young ya faro. Ga kuma haikalin da ake ginawa a Sao Paulo ta Barazil, ƙasar da jinsi ya gauraya har ba a iya tantance wa hanin ya shafa. Shugaba Spencer Kimball ya daɗe yana addu'a a kan lamarin, a Yunin 1978 aka sanar da cewa wahayi ya zo, an ɗage hanin. A ranar 21 ga Nuwamba aka yi wa Obinna baftisma, ya zama shugaban reshe, Johnson kuma a Disamba. An buɗe haikali a Akara a 2004, a Aba kuma a 2005.

Wata biyu bayan sanarwar, manzo Bruce McConkie, wanda ya yi rubutu da yawa yana kare hanin, ya gaya wa malaman cocin su manta da duk abin da shi ko Brigham Young suka faɗa wanda ya saɓa wa sabon wahayin, domin da ƙarancin fahimta suka yi magana. A 2013 cocin ya fitar da takarda yana nesanta kansa daga dukan dalilan wariyar da aka taɓa bayarwa. Ke nan mabiyin da a 1960 ya ji a ransa cewa waɗannan dalilai ba daidai ba ne, ya riga hukumar cocinsa da shekara 53.

Ita ma zuciyar ba ta tsira ba

Kada mu ɗauka cewa duk inda aka saɓa mai bin zuciyarsa ne da gaskiya. A 1984 wasu 'yan uwa biyu a Yuta, Ron da Dan Lafferty, waɗanda cocin ya riga ya kora saboda tsattsauran ra'ayi, suka ce Ron ya sami wahayin a kawar da wasu mutane. A ranar 24 ga Yuli suka yanka matar ƙanensu da 'yarta mai wata 15. Irin wannan ne shugabannin cocin suke nunawa idan suna kare ƙa'idar da aka kafa tun zamanin Hiram Page, cewa zuciyar da babu mai taka mata burki tana iya kiran son rai ko taɓin hankali da sunan muryar Allah.

A Oktoban 2010 manzo Dallin Oaks ya taƙaita matsayin cocin da cewa layi biyu ne na sadarwa da Allah, na mutum shi kaɗai da na shugabanci, kuma ilhamar gaskiya ba za ta ci karo da na biyun ba. Masu suka suna cewa wannan zagaye ne kawai: da zuciya aka ce ka gane annabin, amma ranar da zuciyar ta saɓa masa sai a ce ita ce ta ɓata. Masu karewa suna amsawa da cewa shugaban ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba, sai mutum 15 na ƙoli sun haɗu a kan magana ɗaya, kuma haƙuri da kuskuren shugaba ya fi kowa ya zama annabin kansa. A 2013 wani daga cikin manyan, Dieter Uchtdorf, ya faɗa a babban taro cewa akwai lokutan da shugabanni suka yi kuskure.

Abin da muka tsinta

Idan muka jera waɗannan labarai za mu ga cewa biyayya ta riƙe cocin har ya tsallake hamada ya kafa birane, ita ce kuma ta sa manoma suka harbi mutanen da suka ajiye makamai. Bin zuciya ya ba da Hübener da Obinna, ya kuma ba da 'yan gidan Lafferty. Ƙarfin abin da mutum ya ji a ransa bai isa ya nuna wane ɓangare yake ba, domin dukansu sun ji da ƙarfi.

Abin da ya riƙa raba gardama a yawancin lokuta abu ne na uku, wato sanin zahirin al'amari. Savage ya san hanya da lokacin sanyi. Hübener ya ji labarin da aka ɓoye wa jama'a. Brooks da Bush sun zauna da tsofaffin takardu shekara da shekaru. Ga kuma wani ma'auni da Morrill ya yi amfani da shi, cewa idan umarni ya kai ga jinin wani, a dakata a sake tambaya. Haka nan mun ga cewa gyara yakan zo, amma a makare, kuma wanda ya riga kowa gani shi yake biyan kuɗin jiran.

Ga mu masu koyon rubutu akwai abin ɗauka a nan. Sau da yawa idan muka saka mabiyi da jagoransa a labari, mukan mai da ɗaya wawa ɗayan kuma mugu. Mutanen da muka gani a yau ba haka suke ba. Richards ya yi imani da abin da ya faɗa, Savage kuma ya ja amalanke tare da mutanen da suka ƙi jin shawararsa. Wanda zai rubuta irin wannan rikici sai ya ba kowane ɓangare hujjarsa mafi ƙarfi, ya kuma yi irin aikin da Juanita Brooks ta yi, ya nemo takardu ya karanta kafin ya ɗora alƙalami.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman kan Levi Savage: da ya bi ayarin bayan ya san abin da ke gaba, daidai ya yi, ko da ya tsaya tare da waɗanda suka tsaya? Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.